Hawainiyoyin Marigayi Haris

Kano, watan Yuli

Zuwa ga Yaya 'Yar'azumi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Sa'idu da 'yata Adila, da duk mutanen Guri. Ni ma na iso Kano lafiya, sai 'yar mura da na kwaso a mota. Mun fara karatun duba-gari. Ɗakin da aka ba mu cike yake da ɗalibai, akwatina ma da ƙyar ya sami wuri, balle kejin hawainiya.

Tunda wayarki ta faɗa ruwa, ni kuma ba na son kiran ta maigidanki, zan riƙa ba Auta direba takarda duk ranar da ya kawo kifinku kasuwa. Ke ma ki riƙa ba shi.

Yaya, ban san da bakin da zan gode miki ba. Tun ban fita takaba ba dangin Haris a Haɗejiya suke cewa a fitar da dabbobin nan a kashe. Ni da ke kakanninmu mata ne kawai suka haɗa uba, amma ke kika ce in kawo, alhali waɗanda muke ciki ɗaya da su ko kallon kejin ba sa yi. Hawainiyoyin nan biyu, Sarki da Magajiya, su ne kaɗai abin da mijina Haris ya bar mini mai numfashi. Shi ya ƙera kejin da hannunsa, kuma da su yake nuna wa ɗalibansa cewa hawainiya ba ta da dafi, tofinta ba ya kuturtar da kowa.

Ranar da na kawo su ina sauri, bari in sake faɗa miki yadda yake ciyar da su. Ba sa cin abin da ba ya motsi, kuma ƙuda suka fi so. Amma kada ki kama musu na tsakar gida, don ba ki san inda ya sauka ba. Ki jiƙa dusa a tsohuwar tukunya, ki ɗora ɗan hanjin kifi a kai, ki ajiye a inuwa. Ƙudaje za su zuba ƙwai, tsutsa ta fito. In ta ƙoshi sai ta nemi busasshen wuri, don haka ki ɗora tukunyar a kan faranti mai yashi. A cikin yashin za ki ga sun zama 'yan jajaye masu tauri kamar ƙwayar alkama. Su za ki tsince ki zuba a kejin. Ƙudan da ya fashe a ciki bai taɓa zuwa masai ba. Ki sa wa ƙudajen ɓarin kankana su sha kafin a cinye su. Ruwa kuma ba sa sha a kwano, sai kin yayyafa a ganyen itacen da ke cikin kejin, su lasa.

Abu ɗaya ke damuna. Ban manta maganar da mijinki Baban Adila ya yi ranar sadakar uku a zaurenmu ba, ina jin sa ta taga. Wai mutumin da ke kwana da hawainiya a gida ai ba a tambayar abin da ya kashe shi. Haris ciwon hanta ya yi, kowa ya sani. Saboda ke na haɗiye. Don Allah ki sa ido.

Ƙanwarki,
Amira

Guri, watan Agusta

Ƙanwata Amira,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Muna lafiya, sai zazzaɓin damina da ya ɗan taɓa Adila, ta kuma warware. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya jiƙan Haris.

Baƙinki suna nan ƙalau. Kwanakin farko Sarki fushi ya yi, ya koma baƙi ƙirin, ya juya mini baya. Magajiya ce ba ruwanta. Ranar da ƙudajen farko suka fashe ina tsaye da tsintsiya a hannu, sai na ga ta juya ido ɗaya sama, ɗaya yana kaina, kafin in ƙifta ta harbo harshe ta ɗauke ƙuda daga jikin raga. Wallahi sai da na zauna don dariya. Yanzu in na gama aikin bandar kifi nakan ja kujera in zauna ina kallonsu. Matan unguwa sun daina shigowa aron turmi, wai ina kiwon abin tsafi. Ni hutu ma na samu.

Tukunyar ta yi albarka har ta wuce misali. Ke kin san gidan mai banda dama ba ya rabuwa da ƙuda, to yanzu kamar an yi musu shela. Suna tashi daga dusar su sauka a kan tarwaɗar da muka shanya, su zuba mata ƙwai. Makon jiya maigida ya buɗe kwalin da ya riga ya ɗaure, ya tarar da tsutsa ta cinye cikin kifin, sai fata. Bai ci tuwo ba ranar. Na mayar da tukunyar bayan ɗaki kusa da kejin, duk da haka ba su ragu ba. Jiya ya je ya tsaya a wurin ya daɗe, sannan ya ce mini in dai ban san yadda zan yi da su ba, shi ya san maganinsu. Na ba shi haƙuri.

Ruwa yana ta ƙaruwa. Ciyawar kachalla ta toshe hanyar ruwan da ke gabas da mu, ya fara juyowa gonakin shinkafa. Dattawa sun ce bana sai addu'a.

Yayarki,
'Yar'azumi

Kano, watan Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa, ina yi wa Adila sannu. Ni lafiyata ƙalau, amma tun da na karanta takardarki abinci ya ƙi shiga.

Mutum ya tsaya a kan kejin Haris ya ce ya san maganinsu, ke kuma ki rubuta mini haka a tsakiyar labarin ruwa da kachalla, kamar ba komai ba? Har da ba shi haƙuri. Haƙurin me? Me suka ci masa? Yaya, na san mutumin nan bai ƙaunaci Haris yana raye ba, saboda Haris ya taɓa ƙaryata shi a gaban mutane kan maganar tofin hawainiya. Yanzu ya ga babu mai tare musu.

Ki gaya masa da bakina: amana ce a gidansa. In sun dame shi ya yi magana, in nemi izini a makaranta in zo in ɗauke su, ko a kaina zan ɗora kejin. Amma in wani abu ya same su ta hannunsa, ba zan sake haɗiyewa ba.

Ki ba ni amsa ta hannun Auta a wannan zuwan.

Amira

Kano, watan Satumba

Yaya 'Yar'azumi,

Ina gaisuwa. Na je kasuwa ya fi a ƙirga, ba Auta, ba kifin Guri. Muna jin labarin ambaliya a rediyo, an ce hanya ta yanke bayan Haɗejiya. Na cire kunya na kira wayar mijinki, a kashe. Ban san ko ruwa ne ya hana ki rubutu ba, ko kuwa akwai abin da kike jin nauyin faɗa mini. Wannan zan ba wani mai mota da ya ce yana kaiwa bakin ruwa, daga nan sai kwale-kwale.

Allah ya tsare ku. Ko layi ɗaya ne ki aiko.

Amira

Guri, watan Oktoba

Ƙanwata Amira,

Assalamu alaikum. Takardunki biyu tare suka iso hannuna, bayan ruwa ya janye motoci sun fara shigowa. Muna raye, alhamdu lillahi. Katangarmu ta yamma ta faɗi, shinkafar maigida ta tafi gaba ɗaya, amma ba a rasa rai a gidanmu ba.

Amira, sai haƙuri. Sarki da Magajiya sun mutu.

Zan faɗa miki yadda aka yi, ba ragi. Da ruwa ya shigo gida muka koma kan tudu, wajen makarantar firamare, mu da sauran jama'a. Ban bar kejin ba. Ni na roƙi masu kwale-kwale suka ɗora shi, mutane suna ta zagina, wai an bar buhun gero an ɗauko hawainiya. Tukunyar dusar ce ruwa ya tafi da ita. A tudun babu dusa, wanda ya samu ma dama ta yake ya sha. Na ɗan kama musu fara, daga baya ita ma ta ɓace. Suka rame, idanunsu suka faɗa.

Maigida ya kafa wurin banda a can, don kifi ya yi yawa kuma shi ne kawai abin da ya rage mana. Ƙudaje suka taru a wurin. Na tuna kin hana, amma na ga yunwa za ta kashe su, sai na yanki tsohon gidan sauro na riƙa kamo musu. Ba su ma yi wuyar kamu ba. Suka ci sosai, har na ji daɗi.

Washegari da hantsi na tarar da Sarki a ƙasan kejin, jikinsa yana rawa, harshensa a waje ya kasa mayarwa, yawu yana zuba. Kafin azahar ya daina motsi. Magajiya ta kai la'asar tana riƙe da reshe da ƙafa ɗaya, sannan ta saki. Na naɗe su a ƙyalle na binne a gindin wata kanya. Na yi kuka, mata suna mini dariya.

Ban san ko sanyin ruwa ba ne, ko doguwar yunwar da suka sha. Na yi iyakar ƙoƙarina, Allah ne shaida. Ki yafe mini.

Yayarki,
'Yar'azumi

Kano, watan Oktoba

Yaya,

Na gode Allah da ya tsirar da ku. Ina jajanta muku shinkafa da katanga.

Sanyi ba ya sa dabba rawar jiki da zubar yawu. Yunwa ba ta kashe biyu rana ɗaya bayan sun ƙoshi. Abin da kika kwatanta mini shi ake koya mana a aji, da hotuna. Guba ce, Yaya. Irin ta fiya-fiya, maganin ƙwarin nan.

Ya ce ya san maganinsu, ke kika rubuta da hannunki. Ya jira har ruwa ya yanke hanya, ya tabbata ba zan iya zuwa ba, sannan ya yi. Ke kina can kina fama da masu kwale-kwale, shi yana lissafin ranar da zai fesa musu. Bai iya da Haris yana da rai ba, ya zage shi yana kabari, yanzu ya bi abin da ya bari.

Ke ban riƙe ki ba. Amma kada ki ce in yi haƙuri. Ranar da na karanta takardarki ji na yi kamar an sake fitar da makara daga ɗakina. Kwana na yi ina ganin harshen nan a waje. Sa'idu zai san ya taɓa ni. Ban san ta ina ba tukuna, amma zai sani.

Amira

Guri, watan Nuwamba

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Mun koma gida, muna ta gyara. Adila lafiya.

Amira, kin karanta maganata a juye. Da ya ce ya san maganinsu, ƙudaje yake nufi, ba hawainiyoyi ba. Tukunyar ce a gefen kejin, ita ya je kallo. Ni na rubuta ban bambance ba, don ban zaci za ki ɗauka haka ba.

Da takardarki ta zo ban iya zama ba, na same shi yana ɗaurin kwali na ce, "Malam, don girman Allah, ka taɓa kejin nan?"

Ya ce, "Ni da ko kusa da su ba na son zuwa? Me zai kai hannuna?"

Na ce, "To an ce guba suka ci."

Ya ce, "Daga ina kika kamo musu ƙuda a tudu?" Na ce daga wajen banda. Sai ya ajiye igiyar ya ce, "Ai kuwa na fesa wa kifin fiya-fiya. In ban fesa ba tsutsa za ta cinye kafin hanya ta buɗe. Da kin tambaye ni da na hana ki."

Kin ji gaskiyar magana. Kifi ya fesa wa, ba su ba. Tun lokacin da kwalin nan ya lalace ya fara, ni ban sani ba, don da sassafe yake yi kafin in fito. Kuma ba shi kaɗai ba ne, masu banda da yawa haka suke yi in damina ta yi nauyi. Har ya ce in ba ki haƙuri, abin da ban taɓa jin ya faɗa wa kowa ba.

Na faɗa miki wannan ne don zuciyarki ta sauka, ki san ba mugunta ba ce, tsautsayi ne. Ki bar maganar a tsakaninmu.

Yayarki,
'Yar'azumi

Kano, watan Disamba

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Gara ki ji daga bakina kafin ki ji a bakin Auta, ko da yake na san zai riga takardar magana.

Na karanta bayaninki. Ko kejin ya fesa wa ko kifi, gubarsa ce ta kashe su. Haƙurin da ya aiko kuma ya riƙe abinsa, tunda bai aiko da na maganar zaure ba.

Ranar da Auta ya sauke kaya na je kasuwa. Kwalayen mijinki ba sa ɓuya, sunansa ne a jiki da jan fenti. Na sayi tarwaɗa daga ciki, na kai wa malamar da ke fita da mu aikin gwaji, na ce ina zargin an yi mata feshi. Aka auna, aka samu. Zuwan motar na gaba muka je da jami'an duba-gari, ina cikinsu da farar rigata. Ni na nuna kwalayen. Aka fitar da su tsakiyar fili, aka zuba kalanzir, aka cinna wuta a gaban dillalai da masu saye.

Alhaji Sunusi, dillalin da ke karɓar kayansa, ya matso kusa da ni ya ce, "'Yata, ke ba 'yar uwar matarsa ba ce? Ba ke kike zuwa karɓar takarda ba?"

Na ce, "Ni ce, Alhaji."

Sai ya juya ya gaya wa Auta kada ya sake kawo masa kifin Sa'idu, ko kyauta ne.

Zan iya ce miki aikina na yi, kuma ba ƙarya ba ne. Kifin nan miya ake yi da shi, yara suna ci, masu ciki suna ci. Amma ba zan ɓoye miki ba, da hayaƙin ya tashi sanyi na ji a ƙirjina, irin wanda ban ji ba tun rasuwar Haris. Na tsaya har wutar ta cinye. Ki gaya masa mutumin da ke fesa wa abincin mutane guba, shi ma ba a tambayar abin da ya karya shi.

Ke ba ruwanki a ciki. Ban ambaci sunanki ga kowa ba.

Amira

Birniwa, watan Janairu

Amira,

Ina fata kina lafiya. Ki duba saman takardar nan ki ga daga inda nake rubutu. Ina gidan yayana Abdulganiyyu, ni da Adila.

Auta ya riga takardarki magana, kamar yadda kika ce. A bakin masallaci ya ba da labari, har da farar rigarki. Maigida ya shigo gida bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Azumi, feshin nan mutum biyu suka san ina yi, ni da ke. Wa ya gaya mata?" Ban yi masa ƙarya ba. Na ce ni ce, don in wanke shi a wurinki na faɗa. Ya ce, "To kin wanke ni." Ya shiga ɗaki ya rubuto saki ɗaya. Da ana fitar da kayana shi da kansa ya jawo kejin ya ajiye a kai, ya ce in tafi da shi, kada ya sake ganinsa.

Kin ce ba ki ambaci sunana ba. Sai kin ambata? Kifin da kika tsaya kina kallo yana ci da wuta, wa kike zaton ya fafe cikinsa, ya wanke, ya tanƙwara, ya zauna cikin hayaƙi har idanunsa suka daina gani sosai? Shinkafa ta tafi, katanga ta faɗi, kifin nan ne abincinmu har wata damina.

Ban ce feshi daidai ba ne. Da na sani tun farko da na yi faɗa da shi a cikin ɗaki. Amma motar Auta ba kayan mutum ɗaya take ɗauka ba, kuma na gaya miki ba shi kaɗai ke yi ba. In yaran mutane ne suka dame ki, me ya hana ki auna sauran kwalayen? Namu kaɗai kika nuna.

Na ɗauko dabbobinki a kwale-kwale na bar geron 'yata a ruwa. Na faɗa miki magana na ce ki bar ta a tsakaninmu. Kika ɗauke ta kika kai kasuwa.

Yanzu babu dillalin da ke karɓar kayansa. An ce ya bar Guri ya bi masunta kudu. Dattawa sun so su sa baki, ba su same shi ba.

'Yar'azumi

Kano, watan Mayu

Yaya 'Yar'azumi,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Adila, da Yaya Abdulganiyyu da iyalinsa. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Na ji idda ta cika bai dawo ba. Ban so abin ya faɗo kanki ba, Allah ya sani. Amma mutumin da zai saki uwar 'yarsa don ta faɗi gaskiya, ban ga abin da kika rasa ba. Ni ban yi nadamar abin da na yi masa ba, kuma ba zan rubuta miki abin da ba ya zuciyata ba.

Mun kusa gamawa, za a mayar da ni aiki Haɗejiya. In na kama gida ki zo ke da Adila mu zauna, in sa ta makaranta.

Sai roƙo ɗaya. Tunda kejin yana wurinki, ki sa a mota a kai mini tashar Haɗejiya. Hannun Haris ne, shi kaɗai ya rage.

Ƙanwarki,
Amira

Birniwa, watan Yuli

Amira,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ina tuyar ƙosai a ƙofar gidan Yaya, muna ci muna sha. Gidanki na Haɗejiya Allah ya sanya alheri, ba ma bukata.

Ban amsa miki da wuri ba saboda wani abu ya faru, kuma na so sai ya kammala.

Itacen da ke cikin kejin lalle ne, a babbar tukunyar ƙasa. Ban daina ba shi ruwa ba, don ina tsinkar ganyen. Bayan ruwan farko na bana, wata safiya na je tsinka sai na ga ganye yana tafiya. Na duba da kyau. 'Yar hawainiya ce, ba ta kai ɗan yatsana tsawo ba, koriya shar, da 'yar jelarta a naɗe. Na duba ƙasar tukunyar na ga rami, wata tana fitowa da yashi a ka. Ashe kafin Magajiya ta mutu ta binne ƙwai a ciki, ba wanda ya sani. Kwana biyu suna fitowa, har suka cika rassan.

Na zauna a gaban kejin na rasa abin da zan yi. Da farko na ɗauko takarda zan yi miki albishir, don hannuna ya saba. Sai na tuna inda nake zaune da abin da ya kawo ni.

Ban bar su da yunwa ba, su ba su yi mini komai ba. Ƙudan gida ya fi ƙarfin bakinsu, sai na tara ɓawon mangwaro da ruɓaɓɓen tumatir a gwangwani na sa a kejin. 'Yan mitsi-mitsin ƙudajen nan masu jan ido suka taru, su suka riƙa ci. Da suka ɗan tasa na kafa tukunyar dusa yadda kika koya mini, nesa da kaskon ƙosai. Ko ɗaya ba ta mutu ba. Akwai wani mai saurin fushi, da an matso sai ya yi baƙi ya juya baya, ubansa sak. Da kin gan shi da kin yi kuka.

Ba za ki gan shi ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na sa su a ƙwarya na rufe da gyale, na shiga motar da ke bi ta fadama. Na sauka inda ba gari, na yi tafiya har na sami kurmi mai sabara da geza, nesa da gonakin da ake feshi. Na ɗora su a reshe ɗaya bayan ɗaya. Kafin in gyara ɗaurin zanena na daina bambance su da ganye.

Na yi tunanin in yi shiru, ki ci gaba da zaton komai ya ƙare a tudun nan. Sai na ga hakan sauƙi ne a gare ki. Na fi so ki sani jinin Sarki da Magajiya yana nan da rai, a ƙasar da za ki riƙa ratsawa a mota in kina zuwa aiki, kuma da kin bar maganata inda na ce ki bar ta, da yau suna ɗakinki. Kada ki tambaye ni wurin. Ko Yaya Abdulganiyyu ban gaya wa ba.

Kejin yana tashar Haɗejiya, wajen mai rubuta lodi, da sunanki a jiki. Na wanke shi, na ɗinke inda ragar ta yage. Lallen na riƙe.

Kada ki sake rubuto mini. In mun haɗu a wajen biki ko rasuwa zan gaishe ki saboda kakanninmu.

'Yar'azumi